Naɗin Gidanmu a Kan Ɓarawon Siminti

Shekara ashirin ke nan da muka kai yayana Isiyaku makwancinsa, kuma har bara ba a ambaton sunansa a addu'ar da zuriyarmu ke yi wa magabata duk shekara a Tudun Wada. Ni ke karanta sunayen, don haka ba na neman wanda zan ɗora wa laifi.

Gidanmu gidan malamai ne. Isiyaku ya haddace Alƙur'ani, yana kuma taya Baba ba da karatu a zaure. Amma Allah ya yi shi da idon ganin mutane. In ya kalli tafiyar mutum sau ɗaya, gobe zai yi maka ita har da tarinsa. Daga dandalin makaranta ya fara wasa, har gidan talabijin na Kaduna ya kira shi.

Lokacin kuɗin man fetur ya shigo, wanda jiya ke tura keke yau ya zama ɗan kwangila. Sai aka ba Isiyaku matsayin Alhaji Mai Siminti, mai karɓar aikin makaranta ya gina wa kansa bene. Ranar ɗaukar wasan aka miƙa masa rawani, shi kuwa bai yi tunanin komai ba, hannunsa ya naɗa yadda aka koya masa tun yana ƙarami. Naɗin gidanmu daban yake, jelarsa a kafaɗar hagu take sauka, duk Zariya an san shi.

Talabijin ɗaya ce a layinmu, daren da aka nuna wasan rabin unguwa na gabanta. Washegari baffanninmu suka cika zaure. Baffa Liman ya ce, “Ka ɗora rawanin kakanninka a kan ɓarawo. Ko ka bar wasan nan, ko ka bar buzun karatu.”

Isiyaku ya durƙusa ya ce, “Allah ya gafarta Malam, na yi kuskuren naɗi, a yafe mini. Amma waɗanda nake kwaikwayo da rawani suke sata, kuma a sahun gaba suke salla. Ba zan bari ba.”

Ina zaune a wurin, bakina kamar an ɗinke. Kunyar shirun nan ba ta sake ni ba har yau.

Isiyaku ya bar gida ya koma haya a unguwar Hanwa. Bai taɓa zama jarumin wasa ba, kullum shi ne dillali, shi ne mugun akawu, shi ne alƙali mai son abin hannu. Mata sun sha zaginsa a kasuwa, ya dawo yana dariya yana cewa aiki ya yi kyau. Da zai ga 'yan fim na yau, kowa na rububin fitowa a mutumin kirki mai tsadadden agogo, na san zai tambaya, to wa zai nuna wa jama'a ɓarawon? Su kuwa masu simintin suna nan, jikokinsu ma sun gaje su.

Bana da aka taru addu'a, na naɗa rawanina, jela a hagu. Da na zo kan 'ya'yan Baba na ɗaga murya na ce, “Malam Isiyaku, alaramma, ɗan wasan kwaikwayo.” Wani ɗan baffa ya yi gyaran murya. Ban wuce zuwa suna na gaba ba sai da na ji an ce amin.