Guɗar Gwaggo a Tsakiyar Shiru

Ranar Asabar ta ƙarshe kafin hutun kaka, a shekarar da na cika goma sha biyu, aka tsayar da ni a zauren makarantar mishan ɗinmu da ke kusa da kan iyaka a Jibiya, da sarewar ƙarfe a hannuna. Malaminmu, wani Bature mai ƙarancin magana, yana zaune gaban fiyano, matarsa kuma ta maƙale gogen Turawa a ƙarƙashin haɓarta. Kiɗan na mutum uku ne kacal, babu ganga, babu mawaƙi, babu mai ba da umarni, sai dai kowa ya saurari numfashin sauran. Malam ya riga ya gaya mini a fili cewa idan na yi daidai zan ci gaba da koyo, idan kuwa na kuskure, sarewar za ta koma akwatinta.

Wata shida na yi ina shiri. Ba a yarda sarewar ta fita daga makaranta ba, saboda haka na yanki karan dawa na zana masa ramuka da gawayi. Da safe in ɗebo ruwa, in kora awaki fadama, sa'an nan in hau rumfar korar tsuntsaye a gonar geronmu ta Magama, ina motsa yatsu a kan karan da ba ya fitar da sauti, tsarana suna langa a ƙasa suna yi mini dariya. Wuri mafi wuya yana tsakiyar kiɗan, inda dukkanmu za mu tsaya cak, mu ƙirga bugu huɗu a zuci, mu shigo tare. Malam yakan ce, "Shirun nan rubutacce ne, shi ma kiɗa ne."

Ran nan iyaye suka cika zaure, direbobin Maraɗi suka toshe tagogi suna taunar goro suna tofarwa. Muka kai wurin shirun lafiya. Na ƙirga ɗaya, na ƙirga biyu. Sai Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta miƙe ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, maza suka ɗauka da "Madalla!" Abin da yake ba ni kunya har yau halina ne a wannan lokaci. Na ɗaga kai na washe baki kamar maroƙin da aka yi wa kyauta, ƙirgar ta kuɓuce mini, na shigo ni kaɗai da wata ƙara irin ta kazar da aka taka. Malam ya rufe fiyano.

A waje Gwaggo ta riƙo hannuna ta ce, "To mi na yi, ɗana? Kun tsaya, na zaci kun ƙare. A bar ka ba guɗa sai ka ce maraya?" Ranar Litinin Malam ya goge sarewar da ƙyalle ya rufe ta, ba tare da tsawa ba, kuma ban taɓa ganin laifinsa ba.

Yanzu gidana yana kallon shingen kan iyaka. Kowane mai shago ya ƙure lasifikarsa, inji ne yake gyara muryar mawaƙi, inji ne yake buga ganga, kuma babu mai sauraron wani. Gwaggo dai, Allah ya jiƙanta, ta yi kuskurenta ne domin ta kasa kunne har ta ji mun tsaya. Yau ko an tsaya, babu wanda zai ji.