Matar Kafinta da Maganar Farfesa

Har ta yi furfura, Matar Kafinta ake ce mata a layinsu, ko da yake mijin ya ajiye zarto tun 'yarsu tana goye. Ita ke ɗinka wa yaran makarantar bakin titi kayan makaranta, a ɗan shagon da aka yanka daga barandar gidan. Keken ɗinki ɗaya, benci ɗaya, sai labulen da ya raba ta da ɗakin da mijin ke wuni.

Kafin ya faɗo daga rufin wani bene, Kafinta mutum ne mai kunya, irin wanda ko ƙuda ya faɗa masa a shayi sai ya ba shi haƙuri. Ya yi kwanaki a asibiti bai san inda kansa yake ba. Da ya farfaɗo, ƙafa lafiya, baki lafiya, dangi suka yi ta barka da arziki. Sai da aka koma gida ta gane wani mutum daban aka sallamo mata. Ya zagi uwarsa a kan gishiri. Ya yi wa matar maƙwabci maganar da ba ta faɗuwa. Ya fara kujerar mutane, ya bar ta da ƙafa uku ya tafi yawo. Ran da ya jefe ta da kwano ya fasa mata gira, yana gamawa ya tambaye ta ko akwai sauran abinci.

Ta haɗa kayanta, yayanta ya zo tafiya da ita. Surukarta ce ta riƙe bakin zanenta tana kuka, ta ce a fara kai shi wurin wani likita da ake kira Farfesa tukuna.

A lokacin Farfesa kaɗai ke wannan aiki a garin. Shi ya fara buɗe ɗakin duba waɗanda rauni a ka ya canja musu hali ko ya ɗauke musu tunani. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarshen asibitin, ba allura ba wuƙa, sai tebur da katuna masu launi. Ya ba Kafinta katunan ya ce ya ware su. Kafinta ya yi ta maimaita kuskure ɗaya, yana cewa da bakinsa, "Ai na san ba nan ba ne," yana kuma ajiyewa a nan ɗin.

Farfesa ya tara dangi, ya dafa goshinsa. "Birkin mutum a nan yake, nasa kuwa ya tsinke. Ba mugunta ba ce, ba sammu ba ne. Ba shi ba ne, raunin ne."

Ta fashe da kuka, don ta daɗe tana zaton ita ce ta gundure shi. "Ranka ya daɗe, zai dawo yadda yake?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba, 'yata. Ba zai dawo ba." Ya juya ga surukar da ƙannen mijin. "Wannan kaya ya fi ƙarfin kai ɗaya. Ku riƙa karɓarta."

Rabin maganar suka ɗauko, suka bar rabin a kan tebur. Yayanta ya koma gida shi kaɗai, yana cewa kunya ba za ta bar shi ya raba mara lafiya da matarsa ba. Daga nan, ko me Kafinta ya yi, amsa ɗaya ce. Ya yayyaga ɗinkin mutane: ai ba shi ba ne. Ya tofa mata yawu a gaban baƙi: haba, ke da kika ji da kunnenki? Matar mugu tana da inda za ta kai ƙara. Ita kuwa ko fushi ta yi, sai a dube ta kamar ta mari jariri.

Duk ranar ganin likita, Farfesa kan tambaye ta, "Ke fa, wa ke karɓarki?" Sai ta ce ana ƙoƙari. Da ya yi ritaya, ɗalibansa suka gaji katunan, ba su gaji tambayar ba. Surukar ta rasu. 'Yar ta girma ta yi aure nesa, kuma ba ta kawo jikoki. Takan ce, "Mama, wannan mutumin kirkin da kike ba ni labari, ni ban taɓa ganinsa ba."

Da Farfesa ya rasu, aka gina sabon sashe da sunansa, aka gayyaci iyalan waɗanda ya duba. Matar Kafinta ba ta samu mai zama da mijin ba, don haka ba ta je ba. Ƙanin mijin ne ya je da sabuwar riga, wadda ita ta ɗinka, ya yi jawabi kan yadda dangi suka haɗa kai suka riƙe ɗan'uwansu. An ce har tafi aka yi masa.

Bayan Kafinta ya rasu, wata likita cikin ɗaliban Farfesa ta turo mata wata matashiya da mijinta ya faɗi da babur, wai ta koya mata haƙuri. Matar ta zauna a benci tana murɗa bakin mayafi.

"Sun ce ba laifinsa ba ne, Mama."

"Gaskiya suka faɗa miki. Kina da iyaye?"

"Suna nan."

"To kar ki bari ƙafarki ta manta hanyar gidansu. Danginsa kuma, duk wanda ya ce miki sannu, ki miƙa masa tsintsiya da kwanon wanka, ki ga ko zai sake zuwa."

Ba a ƙara turo mata kowa ba. Yanzu idonta ya yi rauni, sai ta leƙa titi ta nemi mai zura mata zare a allura.