Kitsen da Adawiyya Ta Ajiye wa Direkta

Duk wanda ya taɓa shiga gidan wasan kwaikwayo na gari a Garwa ya ga aikin Adawiyya, amma ba kowa ya ga fuskarta ba. Ita ce mai jan labule. Shekara talatin da takwas tana tsaye a lungun dandali, igiya a hannu, goro a kunci, tana buɗe wa sarakunan ƙarya da likitocin ƙarya, in sun gama ƙaryarsu ta rufe su.

Tana 'yar shekara goma sha biyar aka gina gidan. Meri, wato hukumar gari, ta tayar da bango, ƙarfinta ya ƙare a nan, ginin ya yi damina guda kai a buɗe. Mahautan gari, waɗanda kakanninsu suka biyo shanu daga Kano da Katsina suka zauna, su ne suka haɗa kai suka rufa masa kwano. Aka ce to, layin gaba nasu ne, su da 'ya'yansu. Ba a rubuta ba, don a wancan zamani baki ma takarda ne. Su kuma suka ɗauki nauyin abu guda: kowace shekara kafin ruwan farko za su kawo kitsen ƙoda daga kwata, a dafa shi da kakin zuma na Tignère, a shafe dogon ƙarfen da zobban labule ke gudu a kansa. Man inji yakan narke a zafin Garwa ya ɗiga baƙi a jikin yadi. Wannan haɗin kuwa yakan kama ƙarfe ya hana shi tsatsa har wata shekara. Uban Adawiyya, mahaucin da sa ya karya wa ƙugu, shi ya fara riƙe igiyar, da ya gaza ya miƙa mata.

Babu abin da labulen nan bai gani ba. 'Yan makaranta sun yi wasa da Faransanci, iyayensu na tafi ba su ji ko kalma ba. Shekarar amai da gudawa an yi wasan wanke hannu da Fulatanci har sau arba'in, sai da Adawiyya ta haddace shi tana yi wa 'yan wasan gyara daga lungu. Manoman auduga na Ngong sun yi taro a ciki sun tashi da jifa da takalma. Shekarar da Binuwai ta cika ta shiga gidaje, iyalai sun yi kwana tara a kan dandalin, labulen ne ya raba maza da mata.

Sai aka kawo sabon direkta, Misye Hubert, mai farin kwat da turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Ba mugu ba ne, ya dai yi karatu ne fiye da abin da kansa zai iya ɗauka. Ya sa aka yi fenti, aka sa sababbin kujeru, aka ɗaura wa labule inji mai maɓalli. Ranar da ya tara ma'aikata ya sanar cewa daga yau layin gaba na manyan baƙi ne. Adawiyya ta tuna masa alkawari. Ya tambayi takarda. Ta ce takardar na bisa kansa, ya ɗaga ido ya dubi kwano. Mutane suka yi dariya, dariyar kuwa ta ɓata masa rai, sai ya toshe hanci da hankici ya ce:

"Mama, nan gidan al'ada ne. Ba na son warin kwata a ciki, ko a kujera ko a bayan labule. Ki je ki huta."

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi Allah ya isa ba. Ta kwance igiyar ubanta, ta naɗe, ta ɗauki gwangwanin kitsen da aka riga aka dafa na wannan shekarar, ta fita. Maganar ƙarfe da tsatsa tana bakinta, ta haɗiye ta da ruwan goro. Wanda ya ce ya iya, ai ba a koya masa.

Sarkin fawa Shu'aibu, ɗan ƙanin ubanta, ya so ya kwashi mutanensa su je meri da ƙara. Ta hana shi. Ta ce masa su daina kai kitse kawai, su bar damina ta yi musu shari'a. Gwangwanin nan ta sa shi can ƙarƙashin gado. Maƙwabta suka yi ta neman mushen ɓera a tsakar gida, ita ta san ba ɓera ba ne. In warin ya dame ta ta buɗe gwangwanin ta shaƙa, ta ce bai nuna ba tukuna.

Damina biyu ta wuce. Labulen a buɗe ya zauna, don direkta na ganin rufewa da buɗewa ƙauyanci ne. Sai bikin cika shekara hamsin ya zo, ya ga ya kamata a yi abin gani: a rufe, manya su zauna, ya danna maɓalli, labule ya yaye da kansa. Da safe aka rufe shi, zobba na kuka kamar akuya a hannun mahauci. Aka gaya masa, ya ce sabon abu haka yake.

Da la'asar gida ya cika. Mahauta na can baya kusa da ƙofa, Adawiyya a tsakiyarsu da kwando a cinya. Direkta ya yi jawabin tarihi na rabin awa, bai ambaci wanda ya yi rufi ba. Ya danna maɓalli. Inji ya yi gurnani, ya yi tari, ƙaurin waya ya tashi. Labule bai motsa ko taƙi ɗaya ba. Aka ja da hannu, ya fara yagewa daga sama, aka bari. 'Yan wasa na ciki suna gumi, manya na waje suna duba agogo.

Tsohon mai gadi ne ya raɗa masa inda magani yake. Ya ratso tsakiyar jama'a har baya, ya rusuna, abin da bai taɓa yi ba.

"Dada, don Allah, ki taimake ni."

"A'a, Misye, matsa baya, kada in ɓata maka turare."

Ya ce ta faɗi abin da take so. Ta ce layin gaba. Ya ce manya sun riga sun zauna, ba a tayar da su. Ta ce ita ma ba ta ce a tayar da kowa ba, akwai fili tsakanin manya da dandali, a kawo benci. Aka kawo benci uku aka jera. Shu'aibu da mutanensa suka tako da manyan riguna suka zauna, manyan baƙi suka samu ƙeyar mahauta abin kallo.

A bayan labule ta ciro igiya da gwangwani daga kwando, ta buɗe gwangwanin. 'Yan wasa suka watse kamar an jefa barkono a wuta. Direkta ya juya yana neman wanda zai hau tsani, ta ce gwiwarta ta mutu, kuma kitsen nan ba ya karɓar hannun kowa sai na mai gidan. Ya san ƙarya take yi, ta san ya sani, amma mutane sun fara buga ƙafa. Ya hau. Ta tsaya a ƙasa tana ba da umarni: ya cusa yatsa cikin kowane zobe, ya murza, ya ƙara, wannan bai ji ba, ya koma. Zobe sittin da huɗu ne, ta ƙirga masa su ɗaya bayan ɗaya. Kitsen na bin hannun kwat yana gangarawa hammata. Ya zura igiyar ubanta inda ta nuna masa, ya ɗaure. Yana kan zobe na ƙarshe, a tsakiyar dandali, ya leƙo ya tambaya ko ya isa ya sauko.

"Tsaya in gwada," in ji ta.

Ta tofa a tafin hannu ta ja. Labule ya tafi sumul, ba ko ƙara, gefe biyu. Gari duka ya ga direktansa a ƙolin tsani, gwangwani a hannun hagu, farin kwat ya koma launin romo, warin shekara biyu ya sauka a kan layin gaba ya wuce na biyu. Manya suka laluba hankici. Mahauta kuwa ko gezau, Shu'aibu ma shi ya fara tafi, gida ya ɗauka. Wasu da ke can baya sun ɗauka wasan ne aka fara, har yau suna cewa ba a taɓa yin mai kyau irinsa ba.

Adawiyya ta koma lungunta, tana nan har yanzu. Kowace shekara kafin ruwan farko direkta da kansa yake aika wa kwata a kawo kitse. In sun haɗu a ƙofa takan gaishe shi da ladabi, ta ɗan shinshina iska, ta wuce.