Malam Abdussalam da Da'irorin Ɓawon Lemo

A da, kullum da safe Malam Abdussalam yakan biyo bakin kanal ɗin ruwan noman rani a kan kekensa, daga Bunkure zuwa sakandaren da yake koyar da labarin ƙasa, da lemo biyu a aljihu. Ba na sha ba ne. In ya shiga aji sai ya zana ƙananan da'irori da biro a jikin lemon, daga sama har ƙasa, duk girmansu ɗaya, ya ɓare shi, ya danne ɓawon a kan tebur. Ɓawo ya tsage, da'irori su karkace.

"Kun gani?" in ji shi. "Duniya ƙwallo ce, takarda kuwa a shimfiɗe take. Wata taswirar takan bar da'ira a siffarta, amma ta can ƙuryar arewa ta kumbura ta ninka tamu ta nan. Wata ta riƙe girman, sai ta matse da'irar ta koma kamar ƙwai. Babu wadda ta riƙe duka biyun."

Aziza, tsohuwar ɗalibarsa da yanzu take aikin awon filaye, ta ce ta taɓa tambayarsa wace taswira ce mai gaskiya. Ya ce, "'Yata, fara tambayar me ta ɓoye miki."

Bana ya yi ritaya, ido ya yi yana, ba a kuma turo kowa a madadinsa ba. Tun kafin nan ajin ya rame, in lokacin tsinkar tumatir ya zo yara su nufi gonakin Kadawa. Yanzu an cire darasin, an jibge buhunan taki a ɗakin da taswirorinsa suke, gara tana cin su a bango.

"Ba ritayar ce ta dame ni ba," ya ce wa Aziza. "Yaro zai buɗe waya ya ga duniya, ya ɗauka haka Allah ya yi ta. Babu mai ce masa an ja ta, an matse ta."

Malam, mu tsofaffin ɗalibanka, kai ne ka koya mana duba abu sau biyu kafin mu yarda. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Malamai matasa, ku je ku karɓi ilimin nan tun yana iya bayarwa. Ya ce duk mai son koyo ya same shi a ƙofar gida bayan la'asar. Kullum yana shimfiɗa tabarma, har yau ba wanda ya zo ya zauna.