Rawanin da Na Saya a Yamai

Mu mahauta ne tun kaka da kakanni. A kasuwar Daura mahaifinmu ya yi fawa har ƙarfinsa ya ƙare, yayana ya gaji wuƙarsa da teburinsa. Ni ne na fita daban. Da na gama firamare sai na ƙi aikin jini, na buɗe 'yar rumfa kusa da masallacin unguwarmu ina sayar da turare da carbi da darduma. Ina da murya, kuma kullum ina kusa, don haka a hankali kiran salla ya dawo hannuna. Mutane suka fara ce mini Ladan, wasu har Malam suke cewa, alhali karatuna bai taka kara ya karya ba. Na ji daɗin sunan fiye da yadda ya kamata.

Akwai wani tsohon makaɗin kalangu da ya yi wa mahaifinmu kiɗa tun suna samari. A wurin mahauta kalangu ba abin wasa ba ne. Idan makaɗi ya kaɗa taken mahauta, ɗan mahauci ba ya ci gaba da zama, dole ya miƙe ya jinjina hannu ya taka. Na sha ganin mahaifinmu ya ajiye wuƙa ana tsakiyar ciniki saboda wannan. Ranar da yayana ya aurar da babban ɗansa, tsohon nan ya zo ƙofar gida da kalangunsa kamar yadda ya saba. Ni kuwa na fito a gaban jama'a na ɗaga murya na ce a gidan nan an daina wannan. Babu wanda ya aiko ni. Liman kansa yana zaune a kan tabarma yana cin waina, bai hana kiɗan ba. Tsohon ya dube ni, ya gyara ratayar kalangunsa, ya ce Allah ya ba ango da amarya zaman lafiya, ya tafi.

Yayana bai yi mini faɗa ba. Sai dai hantar da yake aiko mini duk Juma'a ta daina zuwa, maganarmu ta koma gaisuwa kawai.

Abin da babu wanda ya sani shi ne, a duk gidanmu babu mai son kiɗa da wasan kwaikwayo kamata. Tun ina firamare, da aka sa ni na fito a matsayin wani tsohon mai unguwa kurma, abin ya shiga raina bai fita ba. A rumfata, idan babu mai saye, nakan rage muryar rediyo in kara ta a kunne in saurari wasannin tashoshin Nijar. A nan na ji cewa za a yi 'yan kwanaki ana wasanni da kaɗe-kaɗe a Yamai. Damagaram ta fi kusa, ana yin irin wannan a can ma, amma ko tari ka yi a Damagaram sai ka ji Badauri ya ce maka sannu. Sai na zaɓi nesa. Na gaya wa iyalina zan je duba sarin turare, na bar wa wani maƙwabci kiran salla, na hau mota ni kaɗai.

Muka ƙetare iyaka a Kwangwalam. Duk wanda ya shigo motar sai na duba fuskarsa. Tsorona ɗaya ne: kada labari ya kai kunnen yayana cewa mutumin da ya kori makaɗin mahaifinsa ya ƙetare ƙasa don ya ji kiɗa.

Na sauka a wani ƙaramin masauki kusa da tasha. Washegari na ninke farar rigata na tura ƙasan jaka tare da hula, na sa wata shuɗiyar riga, na shiga kasuwa na sayi rawani irin na Buzaye. Mai sayarwar ne ya naɗa mini da kansa, ya rufe mini baki da hanci, ya miƙo mini madubi. Idanuna kaɗai na gani.

Ya ce, "Yanzu ko matarka ba za ta gane ka ba, Alhaji. Bashi ka ci ne?"

Na ce masa rana ce ke damuna.

Gidan wasan fili ne marar rufi, an yi masa matakalai na siminti, dandamalin yana can ƙasa. Bayan la'asar ake farawa. Na zauna a can sama, a gefe. Wasan da na fara gani na wata motar haya ce da ta lalace a daji. Babu mota, babu komai a dandamalin sai benci biyu, amma wani siririn mutum yana yin kukan inji da bakinsa, yana tari yana shaƙewa, fasinjoji suna karkata tare kamar da gaske an shiga rami. Rabin maganar Zabarmanci ne, ban ji ba, rabi Hausa. Akwai wata fasinja mai kaza da ta rantse ba za ta tura mota ba tunda ta biya kuɗin kujerar kazarta. Na yi dariya har rawanin ya jiƙe a bakina. Rabona da irin wannan dariyar tun mahaifinmu yana da rai.

Ana cikin haka na ji wata dariya daga ƙasa da ni, dariya mai ƙarewa da shaƙuwa kamar ta jaki. Na san mai ita. Wani dillalin shanu ne mutumin Mashi, wanda yayana ke sayen dabbobi ta hannunsa, mutumin da ba a gaya masa magana ta kwana. Ga ƙeyarsa nan, ga hularsa da ya saba turawa baya, ga wayarsa a ɗage yana ɗaukar dandamali. Ban ga ƙarshen wasan ba. Na sulale ta ƙofar baya tun kafin a tashi.

Na koma masauki na haɗa kayana. Mai hankali da safe zai kama hanyar gida. Da gari ya waye na je tasha ma, na tsaya a gaban motar Maraɗi ina kallon ana lodi. Amma ranar ce ranar kaɗe-kaɗe, kuma saboda ita na zo. Na ce wa kaina filin yana da girma, shi kuwa dillali ba ya waiwaye. Na mayar da jakata ɗaki, na yini ina yawo a bakin kogi ina kallon masu wanki da kwalekwale, na sayi kilishi na kasa ci.

Wannan karon ni na naɗa rawanin da kaina. Ban iya ba. Na dai nannaɗe shi yadda na ga dama, na cusa bakinsa a bayan kunne.

Da na isa an cika maƙil. Babu wuri a sama, sai wani mai tsaron ƙofa ya ga rawani ya ɗauke ni wani babban baƙo, ya ja hannuna har layin gaba. Ban iya yi masa musu ba, don ina tsoron a ji muryata. Da na zauna na saci kallo, sai ga dillalin a layin da ke bayana, tsakaninmu mutane kaɗan. Ina jin sa yana ba na kusa da shi labarin wani bijimi da ya ƙi shiga mota.

Aka fara da 'yan jita na arewacin Nijar, sautinsu yana tafiya kamar raƙumi. Sai wasu mata Zabarmawa da ƙwarya a cikin ruwa, sai wani makaho mai gurmi da ya sa filin duka ya yi tsit. Duk ina jin su, amma rabin hankalina yana bayana. Na sunkuyar da kai, na harɗe hannuwa. Ko tafi ban yi ba.

Daga nan sai wasu mutum uku suka fito da kalangai a hammata. Babbansu ya gaida jama'a da Hausar Adar, ya ce zai zaga sana'o'i, kowa ya ji nasa. Ya yi wa manoma, wasu suka yi ihu. Ya yi wa maƙera. Tun a nan na gane inda aka dosa, na ce in tashi in fita, amma ƙofa tana can sama, sai na bi ta gaban dillalin. Na danna tafin hannuwana a kan gwiwoyina. Na fara karanta abin da na iya a zuciya.

Babban nasu ya matse kalangun, ya sake shi. Taken mahauta ne.

Ba zan ce wani abu ya shige ni ba, don ba na son in ƙara ƙarya a kan ƙarya. Ina cikin hankalina. Na dai ji kamar mahaifinmu ya ajiye wuƙa a kan tebur, na ji ƙamshin kitse a wuta, kuma na ga ba zan iya zama ba ana wannan kiɗan. Na miƙe. Na jinjina hannun dama. Makaɗin ya hango ni, ya sauko daga dandamali ya nufo ni yana kaɗawa, jama'a suna ta shewa suna cewa ku zo ku ga Buzu yana rawar mahauta. Na jefa ƙafa, na sunkuya, na juya. A juyi na biyu na taka bakin rawanin da ya zame, ya warware gaba ɗaya ya zube a ƙasa.

"La'ilaha illallahu! Ladan?"

Dillalin ne, wayarsa tana saitin fuskata.

Ban tsaya ba sai da kiɗan ya ƙare, don tsayawa a tsakiya cin fuska ne ga makaɗi, kuma na riga na ci fuskar guda. Da aka tashi na same shi a bakin ƙofa yana jira na, yana ta murmushi.

"Ladan, ashe turaren Yamai a nan ake sarinsa?"

Na ce, "Alhaji, don girman Allah ka goge."

"In goge me? Wallahi ko a bikin Sarkin Fawa ban ga wanda ya taka haka ba. Ka ga yadda ka karya kafaɗa kuwa?"

"Alhaji, ina roƙonka. Kada Yaya ya gani."

Ya dubi wayar, ya dube ni, ya sosa ƙeya. "Kai ma da ka yi magana da wuri. Hannuna ya riga bakinka."

Hanyar dawowa ta yi mini tsawo. Duk lokacin da wayata ta yi motsi a aljihu sai na zaro ta na duba, amma babu kira daga gida, babu saƙo. Shirun ya fi zagi ciwo. Na yi ta shirya maganganu ina rushewa. Na ce zan ce tilasta mini aka yi. Na ce zan ce ba ni ba ne, mai kama da ni ne. A Kwangwalam na sake sa farar rigata da hula, na ba wani mai tallan goro rawanin.

Ban je gida ba, kasuwa na wuce da jakata. Na tarar da yayana a tsaye a teburinsa yana fasa ƙashi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Ya sallami wata mata, ya kori ƙuda, ya wasa wuƙa. Ina nan tsugune.

Can ya ce, "An ce wani Buzu ya yi abin mamaki a Yamai."

Ya gwada kaifin wuƙar da yatsa, ya ci gaba.

"Tun kafin rawanin ya faɗi na gane shi. Da ƙafar hagu ya fara. Mutum biyu na sani masu farawa da hagu, ɗaya yana kabari."

Na ce, "Yaya, na yi kuskure."

"A Yamai?"

"A'a. A ƙofar gidanka."

Sai a lokacin ya dube ni. Na tambaye shi wa da wa suka gani. Ya ce shi dai bai nuna wa kowa ba, kuma ya gaya wa dillalin ya rufe bakinsa, amma ni ma na san mutumin. Ya jawo hanta, ya yanki babban yanki mai kyau, ya naɗe a takarda. Na miƙa hannu biyu zan karɓa.

Ya ce, "Ba taka ba ce. Ka san gidan tsohon. Ka kai masa da hannunka, yanzu, da wannan rigar taka ta ladanci. Kuma ta babban titi za ka bi."

Ta babban titi na bi. Na wuce ta gaban rumfata da masallacin, jini yana ɗiga daga takardar har ya ɓata mini hannun riga. Wani daga cikin masu zama a inuwar masallaci ya ce, "Malam, an dawo? Ina zuwa da nama haka?" Na gaya masa gidan da za ni. Ya bi ni da kallo.

Na sami tsohon a zaure yana gyara tsarkiyar wani kalangu. Idonsa ya yi rauni, sai da na yi magana ya gane ni. Na ajiye hantar a gabansa, na gaya masa komai, har da rawanin. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya daɗe yana jan tsarkiyar.

Ya ce, "Wa ya kaɗa maka?"

Na ce wani Ba'adare ne.

"Ya iya?"

"Ya iya, Baba. Sai dai yana sauri."

"Haka suke," in ji shi. Ya ɗaga kalangun ya sa a hammata, ya ɗan matse shi ya ji sautinsa. Zauren a buɗe yake, mutane suna wucewa, wasu sun fara rage tafiya. Ya ɗauki sandar kiɗan ya riƙe, ya juyo da fuskarsa wajena.

Na cire takalmina na miƙe tsaye.