Ƙotar Bindigar Baba

Maigidana ɗan maharba ne, kuma karatun da ya kawo mu Kuala Lumpur bai wanke masa wannan ba. Mahaifinsa ya yi suna a yankinsu wajen harbin gwanki da gadu, da wata doguwar bindigar toka mai nauyin tsiya. Muna zaune a unguwar Danau Kota aka yi waya daga gida, Baba ya ce ya rataye bindiga, kafaɗa ta ƙi. Tun daga ranar zama ya gagari mutumin nan. Ya zauna ya tashi, ya buɗe firji ya rufe, ya leƙa baranda ya dawo. Ni ma ya hana ni sakat.

Rannan sai ga shi da guntun katako a hammata. Wai zai sassaƙa ƙota marar nauyi, wato itacen da ake dogarawa a kafaɗa, in mun je gida hutu maƙerin garinsu ya ɗora mata gajeren bututu, Baba ya koma daji.

Na ce, "Malam, a ƙasar nan? Inda ko bindigar wasan yara sai ta ja wa mutum magana?"

Ya ce da salon maganar 'yan ƙasar, "Katako ne lah. Katako laifi ne?"

Baranda ta zama wurin sassaƙa. Garin katako a shinkafa, garin katako a shanya. Littattafansa kuwa sai ƙura. Ni ce ma'auninsa, don wai tsawona da na Baba ɗaya. Ina tsakiyar tuƙa tuwo zai kira ni, ya dogara mini abin a kafaɗa, ya ce in ɗaga, in sauke, in sake ɗagawa. Ni da ko kaza ban taɓa yankawa ba!

Da katakon ya fara kama da bindiga sosai, tsoro ya shige ni. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar ƙasar, ta fito shanya ta ƙura mana ido, na yi maza na baza zannuwana a igiya na kare. Ko ƙofa aka ƙwanƙwasa sai gabana ya faɗi. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi gaba da shi. Shi dai amsarsa ɗaya: mutumin da ya ciyar da su da naman daji ba zai ƙare a kan tabarma yana korar ƙuda ba.

Ranar da ya gama, bayan la'asar, ya kira wayar ƙaninsa a gida, aka miƙa wa Baba muna ganin juna. Can hantsi ne. Maigidana ya ɗaga ƙotar yana juya ta, baki har kunne, yana bayanin yadda za ta zauna a kafaɗa ba wahala.

Baba ya matso da fuskarsa. Ya ce a juya ta, aka juya. Ya ce, "Kai, hannunka ya faɗa. Allah ya yi albarka." Sannan ya ce, "Amma bar ta can wurinka."

"Baba, ai ba nauyi. Ko ita ma tana ɗauka da hannu ɗaya."

"Kafaɗata ƙalau take, ɗan nan. Dajin ne ba namu ba yanzu. Masu manyan bindigogi sun tare a ciki, ko gonar gefen nan mun bari. Na ce maka kafaɗa ne don kada ka watsar da karatu ka taho."

Tausayin su biyun ya kama ni, na rasa inda zan sa idona. Maigidana ya sauke ƙotar a hankali. Ya ce, "To, tsohuwar bindigar fa?"

Baba ya ce, "Har gida suka zo. Ni na ɗauko na miƙa musu da hannuna."