Bishiyoyi Masu Jan Fenti

Auta yana rungume da wani maɗaci, yana zagaya masa tef ɗin awo daidai ƙirji, sai ya ɗaga kai don wuyansa ya huta. Maɗacin da yake aunawa, mai zoben jan fenti a jiki, alamar bishiyoyin da gwamnati ta ware don awo, ya yi rassa ya yi ganye har rana ba ta samun hanyar taɓa ƙasa. Na kusa da shi, wanda ba shi da fenti, an sassare shi ya koma dungu. Ya duba gabas, ya duba yamma. Haka dajin yake duka.

Ya ce wa mai gadin dajin, wani tsoho da ya rako shi, "Baba, me ya sa ba a taɓa masu fentin nan ba?"

Tsohon ya tuntsire da dariya. "Wa zai taɓa surukan gwamnati? Makiyayi in ya ga ja, ko shanunsa na kukan yunwa, wucewa yake ya saro musu ganyen na gaba. Tun ranar da aka fara shafa shi haka ake. Lafiya, ɗan boko? Na ga kana gumi."

Auta ɗan kafinta ne. Cikin garin katako ya yi rarrafe, kuma tun yana ƙarami yake tambayar inda itacen ya fito, har mahaifinsa ya gaji ya ce ya je makaranta ta ba shi amsa. Ya je, ya karanci gandun daji. Da ya sami aiki a ofishin gandun daji, aka ba shi ɗan ɗaki mai fanka mai ƙara, da kwamfuta, da awon da magabatansa suka yi shekara da shekaru suna ɗauka. Da awon nan ya gina lissafin da ke hasashen kaurin da bishiya za ta yi nan gaba, da yawan da za a iya sarewa dajin bai ragu ba. Oga, shugaban ofishin, ya dafa kafaɗarsa, ya tura rahoton hedikwata, kuma a kansa za a ba da izinin sara.

To, duk awon daga masu jan fenti aka ɗauko shi, waɗanda adda ba ta taɓa hawa kansu ba. Dajin da ke cikin kwamfuta ya fi na ƙasa saurin girma nesa ba kusa ba.

Da Auta ya koma ofis, ya tarar da Oga yana shan shayi. Ya yi masa bayani.

"Kai dai ka cika tsoro," in ji Oga. "Ba kwamfuta ce ta faɗa ba?"

"Ranka ya daɗe, abin da muka ba ta shi ta faɗa."

"To je ka auno marasa fentin mana."

"Awo ɗaya ba ya nuna girma. Sai an auna, a jira shekaru, a sake aunawa."

Oga ya ajiye kofin. Ya ce magana ta riga ta bar hannunsa, amma zai buga waya. Ya buga. Aka ce darakta ya yi tafiya, kwamitin ba da izinin sara kuma zai zauna ko yana nan ko ba ya nan.

A gida Auta ya ture kwanon abinci. Yayarsa ta ce, "Samari na ramewa saboda budurwa, namu saboda itace!" Inna ta harare ta. Mahaifinsa, wanda ya gama gaya wa maƙwabta cewa ɗansa ne ya lissafa daji kaf, ya tsayar da zarto ya ce, "Zai gyaru?"

"Ban sani ba, Baba."

Mahaifin ya ci gaba da yanka, a hankali.

Masu sara sun riga sun jera motocinsu a bakin dajin, suna wasa injinansu. In ya zo wucewa sukan ɗaga masa hannu, "Injiniya! Allah ya ƙara basira!" Sai ya amsa, ya sunkuyar da kai.

An ce in kwamiti ya tashi za a kira ofis a faɗi ko an dakatar da izinin. Auta yana zaune kusa da wayar. Har yanzu ba a kira ba.